Gariba da Hara Kabira: Ziyara Wurin Yahudawan Jarba

Motar hayar da ta ɗauko mu daga Safakis ta bi gaɓar teku ta nausa kudu, ta ratsa Gabis, ta zo ta tsaya a layin jirgin fito a wani ɗan gari mai suna Jurf. Layin ya yi tsawo har direba ya kashe mota ya tafi neman shayi. Ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Safakis, wanda shi ne ɗan jagora kuma tafinta, ya leƙa ta taga ya ce, "Kawu, sai haƙuri, makon Gariba ne." Watan Mayu ne na 2022, shekarar da aka sake buɗe ziyarar Yahudawa zuwa majami'arsu ta Gariba sosai bayan annobar korona ta hana taro. Fiton kansa gajere ne. Kafin mutum ya gama kallon ruwa sai ga Ajim, mashigar tsibirin Jarba ta wannan ɓangare. Akwai wata hanyar ta mota, gadar ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 7 da aka fara cikewa tun zamanin Rumawa, amma ga wanda ya fito daga arewa zagaye ce.

Jarba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba tsauni ba kogi, faɗinta murabba'in kilomita 514. Dabino da zaitun ko'ina, fararen gidaje a warwatse cikin gonaki, kowane gida da ramin tara ruwan sama, domin ruwa tsada gare shi a nan. Masallatanta ne suka fara ɗaukar hankalina: gajeru, masu kaurin bango da ƙananan tagogi, wasu ma rabinsu a cikin ƙasa yake. Da yawa daga Musulmin tsibirin 'yan Ibadiyya ne, sauran Malikawa irinmu, kuma an gina masallatan ne a zamanin da mahara ke zuwa ta teku, ya zama wurin salla shi ne kuma mafaka. A 2023 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin jerin kayan tarihin duniya, ta haɗa da masallatan da kuma wurin da na zo gani.

Mu a ƙasar Hausa mun san Bayahude a wajen tafsiri, mun san shi a labaran rediyo, amma ƙalilan ne cikinmu suka taɓa ganin inda yake tsayawa ya yi ibada. Ga shi kuwa a nahiyarmu, cikin ƙasar Musulmi, akwai Yahudawan da ke magana da Larabci a gida da kasuwa, kakanninsu a nan aka binne su. A 1948 Yahudawan Tunisiya sun kai 100,000. Kafa Isra'ila, da samun 'yancin ƙasar a 1956, da rikicin Bizarta na 1961, da yaƙin 1967, su suka kwashe su kashi-kashi, wasu Faransa wasu Isra'ila. Yau ba su wuce kimanin 1,500 ba, kuma mafi yawansu a Jarba suke, a unguwanni biyu. Hara Kabira tana jikin Humt Suk, babban garin tsibirin. Hara Sagira, wadda yanzu ake kira Riyad, tana 'yan kilomitoci kudu, kuma a gefenta majami'ar Gariba take.

Mutanen wurin suna da labari biyu kan asalinta, kuma duk wanda ka tambaya zai ba ka su biyun ba tare da ya damu da haɗa su ba. Na farko ya ce lokacin da Bukhtanasar ya rushe Haikalin Annabi Sulaimanu a Ƙudus, shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu limaman Haikalin suka gudo ta teku ɗauke da wani dutse ko ƙyaure daga ginin, suka kafa shi a nan. Shi ya sa Hara Sagira ta yi suna da Kohanim, zuriyar Annabi Haruna, waɗanda har gobe su ake fara kira a karatun Attaura, su ne ke sa wa jama'a albarka, kuma ba sa shiga maƙabarta. Labari na biyu na wata baƙuwar yarinya ce da ta zauna ita kaɗai a bukka, ba wanda ya san danginta, ba wanda ya kusance ta. Wata rana gobara ta cinye bukkar, aka tarar da ita ta rasu amma wuta ba ta taɓa jikinta ba, sai aka gina wurin ibada a gurbin. Abin da takarda ta tabbatar shi ne, wasiƙun fataken Yahudawa na ƙarni na 11 da aka samo a wata tsohuwar majami'a a Alƙahira sun ambaci mutanen Jarba. Ginin da ke tsaye yanzu kuwa, akasarinsa aikin ƙarshen ƙarni na 19 ne.

Tun daga nesa tasi ta ajiye mu, don an toshe hanya. Shingen 'yan sanda, sai na sojoji, sai na'urar bincike. Aka karɓi fasfona aka juya shi gaba da baya, jami'in ya ga Najeriya, ya dubi hulata, ya tambayi yaron abin da ya kawo mu. Ya ce masa kallo. Jami'in ya yi murmushi ya ce ba mu kaɗai ba ne, Musulmi da yawa na ciki. Jirgi mai saukar ungulu na shawagi a sama.

Daga waje Gariba ba ta da wani kwarjini: farin gini ne mai shuɗayen ƙofofi, mutum zai iya wuce shi bai kula ba. A bakin ƙofa ake cire takalmi, abin da ba a yi a yawancin majami'un duniya, kuma dole kowa ya rufe kansa. Maza marasa hula ana ba su aron 'yar ƙaramar hular da ke zama a tsakar ka, mata ana ba su ɗankwali. Ni dai hulata ta wadatar. Ana shiga sai ido ya cika da shuɗi. Bango duka tayil ne mai zane, shuɗi da kore da ruwan ƙwai, ginshiƙai ɗauke da bakan gizo, rana na shigowa ta gilashi mai launi tana zuba a kan kujerun katako da zama ya goge su har suna ƙyalli. Zaure biyu ne. Na farko da can fili ne aka yi masa rufi da jama'a ta ƙaru. Na ciki shi ne ainihin wurin, kuma a tsakiyarsa akwai mumbarin katako mai matakala inda ake shimfiɗa Attaura a karanta. Sama da shi rufin ya ɗaga, da tagogi goma sha biyu, adadin ƙabilun Bani Isra'ila. Ba gunki, ba hoton mutum a wurin da ake fuskanta. Bangon da ke duban Ƙudus shi ne alƙiblarsu, a jikinsa aka yi kabad-kabad na ajiyar Attaura, kewaye da ƙananan allunan azurfa da mutane suka liƙa, kowane da sunan mamaci ko na wanda ya yi bakance bukatarsa ta biya.

A zauren farko wasu dattawa na zaune a jere, littattafai a cinya, suna karatu da ƙira suna rangaji. Aikinsu ke nan, biki ko ba biki, kuma masu ziyara kan ajiye musu sadaka su yi wa iyayensu addu'a. Da ɗaya daga cikinsu ya numfasa, sai yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce kawunsa ne ya zo daga Najeriya yana da tambaya. Na ce, "Baba, me ke sa ɗaki ya zama majami'a?" Ya nuna kabad ɗin, sannan ya ɗaga yatsunsa goma. Ya ce, "Attaura da maza goma, ɗana. In akwai su, ko a shagon tela ne an yi jam'i. In mutum tara ne, ko a nan ne, kabad ɗin nan ba ya buɗuwa."

Wannan magana ita ce mabuɗin duk abin da na gani daga baya. A zamanin da, ibadar Yahudawa a wuri ɗaya take, Haikalin Ƙudus, inda ake yanka hadaya ana kai ziyara sau uku a shekara. Da Rumawa suka rushe Haikali na biyu a shekara ta 70, hadaya ta tsaya cak, har yau ba a sake ba. Addu'a da karatu suka maye gurbinta, sau uku a yini: safe, la'asar da dare. Mutum na iya yin tasa shi kaɗai, amma fitar da Attaura a karanta, ko addu'ar da ɗa ke yi wa mahaifinsa da ya rasu, sai da baligai goma, wato waɗanda suka cika shekara 13. Ana fitar da ita Litinin da Alhamis da Asabar da ranakun idi. Da aka buɗe kabad don masu ziyara su gani, sai ga su a tsaye cikin gidajensu na katako da azurfa masu siffar ganga. Kowace naɗaɗɗiyar fata ce da aka rubuta da hannu, littattafan Annabi Musa biyar, harafi 304,805, kuma in harafi ɗaya ya goge ko ya karye, ba a karatu da ita sai an gyara. Mai karatu ba ya taɓa rubutun da yatsa, da wani ɗan sandan azurfa mai siffar hannu yake bi. Mata na miƙa hannu daga nesa suna sumbatar yatsunsu, wasu na guɗa.

Abin da ya fi tara mata yana ƙasan bangon alƙiblar nan. Wani ɗan kogo ne, ƙofarsa ba ta kai ƙugu ba, sai an rarrafa ake shiga, kuma nan ne aka ce dutsen Haikalin yake, ko kuma kabarin baƙuwar. Mace za ta sayi ɗanyen ƙwai, ta rubuta sunan 'yarta ko na ƙanwarta a jikinsa, ta rarrafa ta ajiye shi cikin kyandirori. Zafin kyandir ne ke gasa shi a hankali. Daga baya a dawo a ɗauka a kai wa mai sunan ta ci, da fatan miji ko haihuwa kafin baɗi. Na tsaya gefe ina kallon wata tsohuwa da ta zo daga Faransa, ƙwai cike da jaka, tana karanto sunaye daga wata takarda, jikarta na rubutawa da alƙalami mai tawada. Saƙon maƙwabta ne da dangi. Ta fito daga kogon gumi na zuba, gwiwoyinta duk kakin kyandir, tana dariya tana hawaye. A bayanta kuma wata mai hijabi ce riƙe da nata ƙwan. Wannan al'ada ba ta cikin Attaura, ta mutanen gari ce, kuma kamar yadda na lura dattawan masu karatu ba su ko ɗaga kai su dube ta.

Ziyarar kanta tana faɗowa ne ranar da suke kira Lag Ba'omer, kwana na 33 a lissafin kwanakin da ke tsakanin Idin Ƙetarewa da Idin Makonni, don tunawa da wani malaminsu na ƙarni na 2, Rabbi Shimon bar Yohai. Shagalin kuwa ba a cikin majami'a ake yinsa ba. A tsallaken hanya akwai wani babban masauki mai hawa biyu, ɗakuna kewaye da fili, wanda aka gina don maziyartan da ke zuwa daga nesa, musamman daga Libiya a zamanin da akwai Yahudawa a can. Nan ne hayaniyar take. An rataya jajayen tutocin Tunisiya daga wannan baranda zuwa waccan. Makaɗa na zaune a dandamali da molon Larabawa da goge da 'yan ganguna, suna waƙa da Larabcin ƙasar, jama'a na amsawa. Masu suya na jefa birik a mai, wato siririn fallen ƙulli da aka naɗe ƙwai a ciki, ga hayaƙin gasasshen nama. Ana zagayawa da busasshen ɓaure da almon da zabibi, da kuma buha, giyar ɓaure ta ƙasar. Da aka miƙo mini na ɗaga hannu, mai rabon ya dubi hulata ya ba da haƙuri, ya cika mini tafi da almon.

Sai aka fara gwanjo. Wani mai murya ya hau kujera da makirfo, yana ɗaga gyale ɗaya bayan ɗaya, da furanni, da wasu kayan ado na azurfa da ake ɗora wa Attaura. Ana tayawa da dinari, wasu da yuro. Wanda ya yi nasara ba gida zai kai kayan ba, darajar ɗora shi ya saya, kuɗin kuma na kula da ginin ne da dattawan masu karatu da mabukata. Mai gwanjon ya san kowa da dangin kowa, yana kiran sunan kakan mutum don ya ji kunya ya ƙara. Na ga 'yan kasuwa biyu daga Faris sun kafa wa juna ƙahon zuƙa a kan gyale ɗaya, matansu na zuga su, har farashin ya kai inda yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan kuɗin makarantata ne na zango."

Duk gyalen nan a kan Manara ake ɗaura su. Wata doguwar fitila ce mai hawa-hawa, faɗi a ƙasa tsini a sama, a kan ƙafafun taya, an rubuta sunayen annabawa da ƙabilu da malamai a jikinta. Ana lulluɓe ta har ba a ganin ƙarfen, a fesa mata turare, suna kiranta amarya, a turo ta waje da kiɗa da guɗa. A da, ana zagayawa da ita cikin Hara Sagira, a tsaya a ƙofar kowace ƙaramar majami'a, Musulmin unguwa na kallo daga soraye. Wadda na gani 'yar gajeriyar tafiya ce tsakanin shingaye, masu bindiga a kowane gefe, aka juyo da ita.

Dalilin shingayen ba ɓoyayye ba ne. A Oktoban 1985, kwanaki kaɗan bayan jiragen Isra'ila sun kai hari hedikwatar ƙungiyar PLO a Hammam Shatt kusa da Tunis, wani ɗan sanda da aka sa gadin masu ibada ya buɗe musu wuta. Ranar 11 ga Afrilun 2002 wani ya tayar da motar iskar gas a jikin bangon Gariba, mutum kusan ashirin suka mutu, 14 daga ciki Jamusawa ne masu yawon buɗe ido, kuma Alƙa'ida ta ɗauki alhaki. Mutanen Tunisiya suna tare da Falasɗinawa ƙwarai, ƙasar ba ta da hulɗar jakadanci da Isra'ila, kuma kusan kowace shekara sai an yi cacar baki kan maziyartan da ke zuwa daga can. Gaskiya ne da wuya a sami gidan Bayahude a Jarba da ba shi da dangi a Isra'ila. Gaskiya ne kuma waɗannan su ne suka ga hanya a buɗe suka zaɓi zama, kuma Rene Tarabulsi, ɗan shugaban kwamitin Gariba, har ministan yawon buɗe ido ya zama a 2018. A ganina, wanda ya harbi tsoho a kan littafinsa a Jarba bai ƙwato wa Falasɗinu ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ba masu cewa Bayahude ba zai zauna lafiya cikin Musulmi ba hujja kyauta.

Wannan muhawara ba baƙuwarmu ba ce, ta taɓa tarihin Kano. Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafi kan sha'anin mulki, wanda kuma Sharifan Kano ke danganta kansu da shi, kafin ya ƙetaro Sahara ya yi rigima a Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau, a kan majami'ar Yahudawan Tamantit. Ya ba da fatawar a rushe ta. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya saɓa masa, aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, kansu ya rabu. Wajajen 1492 aka rushe ta, Yahudawan Tuwat suka watse. A Jarba ra'ayin ɗaya ɓangaren ne ya yi aiki, shi ya sa har yanzu akwai abin da za a je a gani.

Washegarin bikin Juma'a ce. Bayan mun sauko daga masallaci a Humt Suk muka shiga layin maƙeran farfaru, sana'ar da Yahudawan Jarba suka daɗe da riƙewa. Amaryar Musulmi a tsibirin nan, awarwaronta da sarƙarta daga hannunsu suke fitowa. Na tsaya sayen zobe a wurin wani dattijo, ciniki ya ja mu hira. Shi ya ba ni labarin 1943, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye tsibirin suka ce a kawo kilo 50 na zinare cikin 'yan sa'o'i, aka bi gida-gida ana ciro 'yan kunne. Da na gaya masa na je Gariba, sai ya kaɗa hannu. Ya ce, "Alhaji, wancan na baƙi ne. Ni ma sau ɗaya nake zuwa a shekara. In kana son ganin inda muke ibada, ka biyo ni yanzu, don zan rufe."

Hara Kabira ba ta da ƙofa, sai motar 'yan sanda a mashiga. Gidajen irin na kowa ne, sai dai a jikin ƙofofi an zana kifi da tafin hannu da fitila mai rassa da shuɗin fenti, kuma a dogaran ƙofa na dama akwai ɗan kwanso mai ɗauke da rubutun Attaura, mai shiga ya taɓa ya sumbaci yatsa. Yanzu Musulmi da yawa na zaune a unguwar, a gidajen waɗanda suka tafi. Majami'u sun kai goma a 'yan layukan nan, ƙanana, wasu ba su fi zaure ba, ba wata alama a waje. Ya leƙa da mu ɗaya: tsakar gida mai rumfa, benci a jikin bango, tulin littattafai da suka sha hannu, fitila ɗaya da ba a kashewa a gaban kabad. Daga wani ɗaki muryoyin yara ke tashi, malami ya faɗa su maimaita, aya da Ibrananci fassara da Larabci, kai ka ce makarantar allo ce da hantsi. Malaman Jarba sun ƙi karɓar makarantun Faransanci da wata ƙungiyar Yahudawan Faris ta baza a Arewacin Afirka, suka riƙe nasu tsarin, kuma babban malaminsu Rabbi Moshe Kalfon Hakohen, wanda ya rasu a 1950, ya tattara al'adun tsibirin a rubuce don kada su salwanta. A ƙafar wandon wani tsoho na ga baƙin ƙyalle an kewaya, maƙerin ya ce makokin Haikali ne.

Da rana ta karkata sai unguwar ta ɗauki sauri. Yara maza a kan kekuna da babura, kowane da tukunya an ɗaure murfinta, duk sun nufi wuri ɗaya: gidan tanderun unguwa. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari daren Asabar, Bayahude mai kiyaye addini ba ya kunna wuta, ba ya girki, ba ya rubutu, ba ya taɓa kuɗi, ba ya hawa mota. To amma yana son abinci mai zafi ranar Asabar. Sai kowane gida ya haɗa tukunyarsa ta alkama ko wake da nama, a kai tanderu tun da sauran rana, mai tanderu ya jera su da doguwar cebur ta katako, ya rufe, su kwana suna nuna a kan garwashi. Ba a rubuta suna a jikin tukunya, amma ya san ta kowa. Muna tsaye a wurin sai muka ji busar ƙaho daga saman wani soro. Ƙahon rago ne, sanarwa ce a rufe shaguna. Bayan ɗan lokaci aka sake busawa. Babura suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya.

Kafin busa ta biyu maƙerin ya shigar da mu tsakar gidansa mu sha ruwa. Tebur a shimfiɗe da farin ƙyalle, burodi biyu a rufe, kofin azurfa, kyandirori na jiran uwargida, domin ita ke kunna su, kuma da kunnawarta Asabar ta shiga gidan. A wannan tebur, in ji shi, ake yin rabin addinin. Daren Idin Ƙetarewa a nan ake zama, da gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, ƙaramin yaron gida ya yi tambayoyi, uba ya ba da labarin fitowar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna. Ya nuna mini wasu sanduna a jingine a lungu: na bukkar da ake kafawa a tsakar gida da kaka, a rufa ta da ganyen dabino, a ci abinci cikinta kwana bakwai. A tsakar gidan nan aka yi wa jikansa kaciya ranar da ya kwana takwas, da kujerar da ake keɓe wa Annabi Iliyasu. A nan aka sa wa 'yarsa lalle. In an yi rasuwa, a nan ake zaman makoki kwana bakwai a ƙasa, kuma maza goma su riƙa zuwa ana jam'i a gidan. Ranar da majami'a ke cika maƙil tun safe har dare ita ce Yom Kippur, ranar neman gafara, da azumin kusan awa 25 ba ci ba sha.

Na tambaye shi ko yana tsoron wani harin. Ya ce tsoro akwai, amma abin da ya fi damunsa lissafi ne: duk saurayin da ya tafi Faris ko wani wuri, an rage mutum ɗaya cikin goma. Na gane nufinsa da na koma Tunis na tsaya gaban Babbar Majami'a da ke titin Liberte, ƙaton gini mai ƙubba da aka gama a ƙarshen shekarun 1930, wanda masu zanga-zanga suka cinna wa wuta a 1967 aka gyara. Ginin lafiyarsa ƙalau, ga masu gadi, ga shinge, amma masu cika shi sun tafi. A Hara Kabira kuwa ɗakunan ƙanana ne, fentin na ɓarewa, sai dai akwai yara.

Shekara guda bayan ziyarata, ranar 9 ga Mayun 2023, wani jami'in tsaro ya kashe abokin aikinsa, ya nufo Gariba ana tsakiyar biki ya buɗe wuta a wajen shinge. Mutum biyar suka mutu, maziyarta biyu da jami'an tsaron Tunisiya uku. Bayan ɓarkewar yaƙin Gaza, a 2024 an soke kiɗa da fitar da Manara, aka taƙaita ga addu'a da kunna kyandir a ciki.

Mai karatu, in Allah ya kai ka Tunisiya, Jarba na da filin jirgin sama, kuma motocin haya na zuwa daga Tunis da Safakis kullum. Ka riƙe fasfonka a hannu, ka sa hula, mace ta ɗauki gyale, kada kuma ka je Gariba ranar Asabar domin a rufe take ga baƙi. In ka gama da ita, ka nemi wanda zai raka ka Hara Kabira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, kuma da ka ji ƙaho na biyu ka mayar da wayarka aljihu.